Manhajar Gina Shafinka Ta Daina Aiki? Ga Yadda Za Ka Koma WordPress

Adobe ta daina kula da Muse, manhajarta ta gina shafi, a 2020, amma har yanzu akwai masu shaguna a Kejetia da Aboabo, cikin Kumasi, da shafinsu ke kanta. Shafin na buɗewa, gyara ne ya gagara.

Kafin komai, kwashe kayanka. Sauke fayilolin shafin ta FTP, hanyar ɗauko fayil daga inda aka ajiye shafin, da manhajar FileZilla. In kalmar sirri ta ɓace, manhajar HTTrack za ta kwafo abin da ke bayyane a shafin. Rubuta adireshin kowane shafi a takarda.

Mun fi son WordPress, wani tsarin gina shafi, domin masu gyaransa suna da yawa a Kumasi, kuma WooCommerce (mai buɗe shago a WordPress) da Paystack (mai karɓar kuɗi ta intanet) suna karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya. Amma WordPress ba ya karanta fayil ɗin Muse, sai ka sake zuba rubutu da hotuna da hannu. Rage nauyin hotunan, data na da tsada.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ranar sauya DNS, wato bayanan da ke haɗa sunan shafinka da inda aka ajiye shi. In ka manta bayanan MX, masu nuna inda imel zai sauka, imel ɗin shago zai tsaya cik, oda ta daina shigowa. Kwafe su tukuna. Sannan tsohon adireshi mai ƙarewa da .html, sa masa turawar 301, mai kai baƙo kai tsaye zuwa sabon adireshin, in ba haka ba wanda ya zo daga Google 404 zai tarar, wato saƙon ba a samu shafin ba.