Yadda ake taimaka wa haƙori ya gyara kansa kafin a kai ga cirewa

Haƙori hawa uku ne. A waje akwai ɓawo mai ƙarfi, wanda kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet. Ƙarƙashinsa ƙashin haƙori ne, can ciki kuma ɓargo mai jini da jijiya. Ƙwayoyin halittar da suka gina ɓawon suna gama aikinsu su ɓace da zarar haƙori ya fito, shi ya sa karayar ƙashi take haɗewa amma ɓawon haƙori ba ya sake tsirowa. Duk facin da zai samu, daga yawu yake zuwa.

Mataki na farko, ka duba bakinka a madubi cikin haske, bayan ka tsane haƙoran da tsumma mai tsabta. Farin tabo kamar alli kusa da dasashi alama ce cewa kalsiyam ya fara zurarewa. A nan gyara yana yiwuwa. In rami ya riga ya buɗe, aiki ya koma hannun likita.

Na biyu, ka rage yawan lokutan shan zaƙi. Duk sanda sukari ya shiga baki, ƙwayoyin cuta sukan mayar da shi tsami, kuma in ma'aunin tsamin (pH, wanda ke sauka yayin da tsami ke ƙaruwa) ya sauka ƙasa da 5.5, ɓawo ya fara narkewa. Yawu yana bukatar kimanin rabin awa kafin ya kashe tsamin ya fara mayar da kalsiyam. Saboda haka mai kurɓar shayi mai sukari tun hantsi har la'asar ya fi cutar da haƙorinsa a kan wanda ya shanye kofinsa tashi ɗaya bayan cin abinci. Haka zoɓo da lemon kwalba da alewar yara. Mutanenmu na ɗora laifin kan "tsutsar haƙori", alhali kofin shayin yana hannu.

Na uku, ka goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid, wanda aka rubuta 1,000 zuwa 1,500 ppm a jikinsa. Ka tofar da kumfar, kada ka kuskure da ruwa, domin fuloraid ɗin ya zauna ya taimaka wa kalsiyam ya kama. Asuwaki yana cire datti sosai, a ci gaba da shi, a haɗa da man. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3, man kwatankwacin ƙwayar shinkafa ya ishe shi.

Na huɗu, abinci mai kalsiyam: nono, kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan busassun kifin da ake ci har ƙaya. Yaran da haƙoransu ke ginuwa a cikin dasashi sun fi kowa bukata.

Na biyar shi ne wanda aka fi sakaci da shi. In sanyi ko zaƙi ya fara tsira maka kamar allura, ka je asibitin haƙori kafin ciwon ya hana ka barci. Ƙwayoyin halittar da ke gefen ɓargo suna nan da rai, kuma a wurinsu kalsiyam saƙo ne. Yana shiga cikinsu ta wasu ƙananan ƙofofi, ya tashe su su kama gini. Yaran da aka haifa da matsala a irin waɗannan ƙofofi, kamar wadda ake kira ORAI1, ɓawon haƙoransu yakan fito da rauni.

Da wannan hikima likitoci ke aiki. Tun wajen 1920 wani Bajamushe, Hermann, ya shigo da kalsiyam haidiroksaid cikin aikin haƙori, sannan a shekarun 1990 Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda a Amurka ya fito da simintin haƙori mai kalsiyam da ake kira MTA. Likita zai kankare ruɓar, ya ɗora maganin kan ɓargon, ya cike ramin. Cikin makonni ɓargon yakan gina sabon ƙashi ya rufe kansa. Sharaɗin dai ɓargon bai mutu ba, don haka kafin ka yarda a cire, tambayi likitan ko naka yana da sauran rai.