Darasi na Bakwai: Hawan Jini da Shan Magani Kullum

A ajinmu na bara akwai wata dattijuwa mai sayar da ƙosai a bakin tasha. Kowa Inna yake ce mata. Wata rana an auna ta a asibiti, aka ce jininta ya hau, aka rubuta mata magani. Ta sha na mako uku, ta ji garau, sai ta ƙulle sauran ƙwayoyin a leda ta jefa cikin kwalla. Bayan wata biyu ciwon gwiwa ya mayar da ita asibitin. Ma'aikaciyar ta ɗaura mata abin awo a damtse, ta dubi lambobin, ta ɗago kai.

"Inna, kina shan maganin nan kuwa?"

"Ai na warke, 'yar nan. Kaina ya daina ciwo, barci nake yi har da minshari."

"To Inna, duba nan. 170 a kan 100. Ya ma fi na ranar farko."

Inna ta riƙe baki. Ita a saninta, ciwo shi ne wanda ke kwantar da mutum.

Me lambobin nan ke nufi?

Wanda ya taɓa aikin fadama ya san injin ban ruwa da tiyo. Inji na tura ruwa, tiyo na kai shi cikin gona. Zuciya ita ce injin, hanyoyin jini su ne tiyon. Idan ƙarfin turin ya yi yawa shekara da shekaru, injin zai gaji, tiyon kuma wata rana zai tsage ko ya toshe. Idan abin ya faru a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Yana kuma lalata ƙoda da ido da ita kanta zuciyar.

Awo yana ba da lamba biyu. Ta sama ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta buga. Ta ƙasa ita ce ƙarfinsa lokacin da ta ɗan huta kafin bugu na gaba. Idan ka ga an rubuta 120/80, sai ka karanta: ɗari da ashirin a kan tamanin. Wannan lafiya lau ne. Idan aka auna mutum a ranaku biyu daban-daban aka samu 140/90 ko sama da haka, yana da hawan jini. Ko lamba ɗaya ce ta kai, ya isa.

Yawancin masu wannan ciwo ba sa jin komai a jikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya sama da biliyan ɗaya ke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Don haka ciwon kai ba shi ne ma'auni ba, rashinsa ma ba shaidar lafiya ba ce. Abin awo kaɗai ke faɗin gaskiya. Kafin a auna ka, ka yi fitsari, ka zauna minti biyar, ka jingina baya, ƙafafu a ƙasa, kada ka yi magana. Kada ka ci goro ko ka sha taba rabin awa kafin awon.

Maganin ba irin na zazzaɓi ba ne

Nan ne Inna ta yi kuskure, kuma ba ita kaɗai ba. Mun saba da maganin zazzaɓin cizon sauro: kwana uku an gama. Maganin hawan jini aikinsa daban. Ba ya kashe ciwon, danne shi yake yi, kamar dutsen da aka ɗora a kan murfin tukunya. Yawanci ƙwaya ɗaya tana aiki na kusan yini da kwana. Ka daina sha, cikin 'yan kwanaki jinin ya koma inda yake. Yawancin mutane za su riƙa sha har ƙarshen rayuwa. Maganar ba daɗin ji, amma gara a faɗa wa mutum tun farko.

Wasu na cewa, "Idan ka fara sha, jikinka zai saba, ba za ka iya bari ba." Ba maganin ne ya kama ka ba. Ciwon ne bai tafi ba.

Ka koyi karanta sunan maganinka a jikin kwali. Ga waɗanda aka fi bayarwa a asibitocinmu. Amlodipine yakan sa wasu kumburin ƙafa wajen idon sawu. Lisinopril yakan sa busasshen tari wanda ba ya jin maganin tari, kuma mai juna biyu ba ta shan sa sam, domin yana cutar da jariri. Hydrochlorothiazide yana sa yawan fitsari, shi ya sa ake shan sa da safe. Masu ciki akan ba su methyldopa ko nifedipine. Idan magani ya dame ka, koma wa wanda ya rubuta maka, akwai wani da za a sauya maka. Maza kuma, in kun ga rauni wajen iyali bayan fara magani, ku faɗa wa likita. Da yawa kunya ke sa su jefar da maganin a ɓoye, alhali sauyi kawai ake bukata.

Ka ɗaure shan maganin da wani abu da ba ka mantawa, kamar sallar asuba. In ka manta ka tuna da rana, sha. In har lokacin na gaba ya kusa, bar wanda ka manta, kada ka haɗa biyu. Kafin watan azumi ka je a tsara maka lokacin sha, ko da sahur ko da buɗa baki. Kada ka sha na maƙwabci don kun ji ciwonku ɗaya, kuma kada ka jira ƙwaya ta ƙarshe kafin ka nemi wani. In kuɗi ne matsalar, faɗa wa likita kai tsaye, domin magani ɗaya kamfanoni da yawa ke yin sa, wani ya fi wani araha. A Nijeriya ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Akwai magungunan da ke tayar da jini. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake zubawa cikin haɗin "maganin gajiya", suna ciki, kuma suna wahalar da ƙoda. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Zoɓo da tafarnuwa da zogale abinci ne masu kyau, zoɓo marar sukari ma yana ɗan rage jini. Amma ba sa tsayawa a madadin ƙwaya, komai daɗin bakin mai talla da lasifika a kasuwa.

Gishiri

Babban mutum bai kamata ya wuce giram 5 na gishiri a yini ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafe. Wannan ya haɗa da duk abin da ya ci daga safe zuwa dare. Yanzu mu leƙa tukunyar miyar kuka. An zuba gishiri da hannu, an marmasa dunƙule huɗu, an jefa kanwa. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri mai tayar da jini. Da aka zuba tuwo, maigida ya jawo kwalbar yaji, shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi. Da dare ga tsire ko taliyar leda da ƙullin garinta. Kafin a kwanta an ninka cokalin nan ba a sani ba.

Ba a ce a ci lami ba. Uwargida ta rage kaɗan-kaɗan: dunƙule huɗu su koma biyu, daga baya ɗaya. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da attaruhu su cike gurbin. Cikin 'yan makonni harshe zai saba. Gara a rage wa tukunyar gida gaba ɗaya da a ware wa Baba nasa kwano, domin kwanon da aka ware ba ya daɗewa, kuma ciwon yana bin jini, yaran ma za su amfana.

Mai jego ta yi hattara da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙarsa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Sauran abubuwan ba su da wuyar ganewa. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Ganye da kayan marmari irin su alayyafo, rama, gwanda, lemo da ayaba. Rage kitse da lemon kwalba, rage tumbi, barin taba da shisha da giya, rage goro.

Lokacin da ba a jira

Idan baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya suka saki, ko magana ta harɗe, a nemi mota nan take. Haka in akwai ciwon ƙirji mai tsanani, ko numfashi ya gagara, ko awo ya kai 180/120 tare da ciwon kai da dishi-dishin gani. A yi addu'a a cikin mota, kada a tsaya hayaƙi ana cewa shafar aljanu ce. Kada a ɗura wa wanda bakinsa ya karkace ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa. Mai ciki da fuskarta ta kumbura, kanta na sarawa, a kai ta kafin jijjiga ta same ta.

Aikin aji

Karanta waɗannan da ƙarfi, ka faɗi wanda ya hau: 118/76, 150/95, 135/92.

Me ya sa jinin Inna ya sake hawa bayan ta ji sauƙi?

A shafin ƙarshe na littafinka ka ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. Rubuta "Kwanan wata", "Lambar sama", "Lambar ƙasa", "Magani". Kafin darasi na gaba ka je a auna ka, ka cike layin farko da hannunka. Mata su ƙirga dunƙule nawa suka sa a miyar daren yau, su zo mana da adadin.