Kurakuran da mutanenmu ke yi a ziyarar Madina

Shekarar da na raka Baffana aikin Hajji, sai da ya sayar da bijimai biyu da buhunan riɗi kafin kuɗin kujera su cika. Daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim aka yi mana rakiya har bakin kwalta, kowa na cewa, "Baffa, a isar mana da gaisuwa wurin Manzo." Ranar da muka shiga yin sallama, cunkoso ya ɗauke mu kamar ruwan kogi, askarawa na ta kaɗa hannu a wuce. Da muka fito fili sai Baffa ya riƙo hannuna ya ce, "Ɗana, saura nawa mu isa wurin?" Ashe mun wuce bai sani ba.

Laifina ne, don ban zayyana masa wurin tun daga masauki ba. Wannan shi ne babban kuskuren da na fi gani: mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, amma bai ba da rabin awa ya tambayi yadda wurin yake ba. Maza suna shiga ta Babus Salam, su miƙe ta gaban masallaci. Ɗakin mai alfarma, inda kabarin yake, zai bayyana a hannunka na hagu, da raga mai ruwan zinariya. Inda ka ga babbar kafa zagayayyiya, nan ne daidai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka fuskance shi, alƙibla tana bayanka, ka yi sallama. Ka ɗan matsa dama kaɗan ka gaida Sayyidina Abubakar, ka ƙara matsawa ka gaida Sayyidina Umar, sai ka fita ta ƙofar da ke kallon maƙabartar Baƙi'a. Tsayuwar sau da yawa ba ta kai minti ɗaya, saboda haka ka haddace gajeriyar sallama tun a gida. Wanda ya shiga da ɗan littafin addu'a yana neman shafi, kafin ya samu an fito da shi. Wanda kuma ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, ya koma gida da hoton ƙeyar wani Baturke, sallamar kuwa bai yi ba.

Sai ɗaga murya. Mu mutanen karkara mun saba kiran juna daga wannan kunya zuwa waccan, kuma halin ba ya sauka a filin jirgi. Na ji wani yana ƙwala wa abokinsa kira a dab da kabarin. Aya ta 2 a Suratul Hujurati ta hana ɗaga murya sama da ta Annabi, kuma Buhari ya kawo yadda Sayyidina Umar ya ji wasu mutum biyu 'yan Ɗa'ifa suna ɗaga murya a masallacin, ya ce da 'yan garin ne da sun sha hukunci. Ku ajiye magana tun a waje: in mun rabu, mu haɗu a ƙofa lamba kaza.

Mutane da yawa suna haɗa sallama da shiga Rauda, alhali abu biyu ne. Rauda ita ce tsakanin ɗakin Annabi da mimbarinsa, wadda ya ce dausayi ce daga dausoyin Aljanna. Yanzu ba a shigarta sai da izini ta manhajar Nusuk, wadda ke ba ka rana da lokaci, kuma lokacin mata daban yake da na maza. Dattijon da wayarsa rakani-kashi ce ya nemi jami'in alhazansu ko wani yaro cikin tawaga tun ranar isowa, kada ya bari sai ana gobe tafiya. Ku kuma lura da agogo: Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2. Wata gwaggo a tawagarmu ta rasa lokacinta don agogon hannunta yana nan a kan lokacin Dutse. Ta wuni tana kuka wai Hajjinta ya ɓaci. Bai ɓaci ba. Ziyarar Madina ba ta cikin rukunan Hajji ko wajibansa, kuma salla ɗaya a ko'ina cikin masallacin ta fi salla 1,000 a wani masallaci, in ban da na Makka.

Haka ma batun salloli 40 a jere a masallacin Annabi, wato kwana 8 cur, waɗanda wani hadisi ya ambaci falalarsu. Malamai sun yi saɓani a kan ingancin hadisin, kuma kwanakin da ake ba alhazanmu a Madina yanzu ba sa kaiwa haka. Kada ka maƙale a masauki kana rigima da masu mota don ka cike lissafi. Abin takaicin ma, wasu masu wannan rigimar su ne ake kiran La'asar suna cikin shago suna cinikin dabinon ajwa da jallabiya. Tsaraba ba ta gudu, tana nan har a Makka.

Takalmi kuwa, ka sa shi a leda ka shiga da shi. Ƙofofin sun yi kama da juna, kuma wanda ya shiga ta nan ya fita ta can ba zai ga silifansa ba. Harabar tana da manyan lemomi 250 da ake buɗewa, amma daga ƙarshen inuwarsu zuwa masauki kwalta ce mai zafi. Mai ciwon suga, wanda tafin ƙafarsa ba ya jin zafi sosai, yana iya ƙonewa bai sani ba, ga Arfa da jifa suna jiransa. Katin masauki da abin shaida na ɗaurawa a hannu kada su rabu da kai ko alwala za ka.

Ranar zagayen ziyara a mota, yi alwala daga masauki kafin ka tafi masallacin Ƙuba, domin ladan umara da aka ambata a hadisi na wanda ya tsarkaka a gidansa ne sannan ya je ya yi salla a can. A Uhudu, inda Sayyidina Hamza da shahidai kimanin 70 suke kwance tun shekara ta 3 bayan Hijira, sallama da addu'a aka je yi musu. Amma sai ka ga an bar shahidan an ruga hawan tudun maharba ana hotuna, wani kuma yana cusa tsakuwa a aljihu wai tsarabar albarka. Na fahimci ƙaunar, amma ban ga wanda ya koyar da haka ba.

Na ƙarshe ya same mu ranar barin gari. Miƙatin mutanen Madina, Zul Hulaifa, wanda ake kira Abyar Ali, yana bakin gari, tafiyar 'yan mintuna. A nan ake ɗaura niyya kafin a kama hanyar Makka mai sama da kilomita 400. Baffa ya ninke haraminsa tsaf ya sa a ƙasan babbar jaka, jakar kuma an ɗaure ta an tura ta cikin kaya tun da safe. Sai da na bi shaguna a miƙati na sayo masa wani da riyal ɗin da muka ware na abinci, mota cike da alhazai tana jiranmu. Ya karɓa yana juya shi ya ce, "Wancan fa Innarku ce ta wanke min shi da hannunta."