Yadda Ake Gane Furannin Kan Duwatsu da Littafin Jagora

Kuskuren da kusan kowa yake fara yi shi ne ya ga jan fure, ya buɗe littafi yana laluben hoton jan fure. Launi yana yaudara. Tsiro ɗaya kan yi fure ja a nan, ya yi ruwan lemo a can gangare. Abin dogaro shi ne ganye da ƙirga.

Da farko, nemi littafin yankin da za ka. Wanda aka rubuta don duwatsun Alps na Turai ba zai tsinana maka komai ba a tsaunin Mambila na jihar Taraba, ko duwatsun Shere da ke kusa da Jos, komai kyan hotunansa. Babban madogara a nan shi ne Flora of West Tropical Africa na Hutchinson da Dalziel. Sai dai ba na aljihu ba ne, a gida ake barin sa. Shi Dalziel ɗin likita ne da ya yi aiki a Arewa, ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Na biyu, zaɓi lokaci. Da damina ciyayin kan tudu suke cika da fure, amma kada ka raina rani. Bayan an ƙone daji, rawaya takan fito da furenta ruwan ɗorawa daf da ƙasa, cikin toka, ba ganye ko ɗaya. Wanda ya san ta da ganyenta na damina zai rantse wani tsiro ne daban. Ka tafi da littafin rubutu, da fensir (biro ba ya jituwa da raɓa), da madubin ƙara girma mai ninki 10, da rigar sanyi in Gembu ka nufa, garin da ke kan tsaunin Mambila.

Na uku, ka durƙusa ka duba ganye tun kafin ka taɓa littafi. Jijiyoyinsa a jere suke kamar na ganyen dawa, ko sun yi rassa kamar na kuɓewa? Ganyen biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna, ko ɗaya bayan ɗaya? Akwai gashi? In ka tsinke gefensa, yana fitar da farin ruwa?

Na huɗu, ƙirga sassan furen. Mai jijiya a jere yawanci sassansa 3 ne ko 6. Mai rassa, 4 ko 5. Wannan kaɗai ya rage maka rabin littafi. Ɗauki gatarin kurege, wato Gloriosa superba: fallen fure shida ja da rawaya, sun lanƙwashe baya kamar harshen wuta, bakin ganyensa kuma ya murɗe ya zama ƙugiyar da yake kama ciyawa ya hau. Da ka ga ƙugiyar nan magana ta ƙare. Kada ka kai shi baki, guba ne tun daga saiwa.

Na biyar, bi tambayoyin littafin. Littattafan gaske suna da jerin zaɓi biyu-biyu: in kaza ne je lamba 7, in ba haka ba je lamba 12. Kada ka yi tsallake. In ka isa wani suna, karanta bayaninsa duka, har da tsayin wurin da yake tsirowa. Tsiron da aka ce na fadamar ƙasa ne, kai kuwa kana kan hanyar dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, to koma baya, ka ɓata wani wuri.

Hoto kuma a ɗauki huɗu: tsiron gaba ɗaya, fuskar fure, bayansa, sai ganye inda ya haɗu da kara. Manhajoji irin su Pl@ntNet da iNaturalist suna taimakawa, amma shawara suke bayarwa, ba hukunci ba. Cikin gandun dajin gwamnati na Gashaka-Gumti kuwa ba a tsinka sai da izini.

Daga nan sai ka tambayi makiyayi ko mai magani sunan da suke kiran sa, ka rubuta har da yaren, don a Mambila sunan Fulatanci ko na Mambila za ka fi ji. Amma ka ajiye shi gefe da na kimiyya. Albasar kwaɗi kaɗai, tsirrai da dama ne suke amsa sunan.