Yadda za ka bi ta Oshodi ba tare da ka ɓata ba

Duk ɗan'uwan da ya zo mini daga gida, ranar da zai fara fita shi kaɗai nakan zaunar da shi a ƙofar shagona a Agege in zana masa Oshodi, babbar mahaɗar hanyoyin nan ta Legas, a bayan kwali. Layi biyu ne kawai, ɗaya ya gitta ɗaya. Na tsaye shi ne Agege Motor Road, wanda ya taso daga wajenmu ta Ikeja ya gangara Mushin, layin dogo na tafe a gefensa. Na kwance shi ne babban titin da ya haye ta kan gada: hannu ɗaya ya nufi Mile 2 da Apapa, ɗayan ya nufi Anthony da Gbagada. In ka riƙe wannan a ka, ko hayaniya ta kai ina ka san inda fuskarka ke kallo.

Wannan layin dogon ba baƙonmu ba ne. Hanyar da Turawa suka shimfiɗa ce daga Ikko, wato Legas, ta isa Ibadan a 1901, ta kai Kano bayan shekara goma. Ta nan goro ya riƙa hawa Arewa, shanu na saukowa.

Ni na riski tsohuwar Oshodi, lokacin da masu tumatir da gwanjo ke baza kaya a kan ƙarfen jirgi, in ya yi ƙugi su janye, ya wuce su mayar. A ƙarƙashin gadar nan wani ɗan sane ya yanke mini aljihu, ban ankara ba sai da kwandasta ya miƙo hannu. A farkon 2009 gwamnatin Gwamna Fashola ta kwashe 'yan kasuwar daga kan hanya, a 2016 aka rushe kasuwar Owonifari, kuma na san mutanen da jarinsu ya tafi a wannan rusau. A zamanin Gwamna Ambode aka gina tashar motar da ake gani yanzu, Buhari ya zo ya buɗe ta a Afrilun 2019.

To, ga yadda za ka yi.

Kafin komai ka mallaki katin Cowry. Da shi ake shiga manyan bas-bas na BRT, da shi ake shiga jirgin ƙasa na cikin gari. A tasha ake sayarwa, a nan kuma ake zuba masa kuɗi. Ka zuba fiye da na zuwa, don layin masu zuba kuɗi da yamma ya isa ya sa motarka ta tashi kana kallo. Danfo, wato ƙananan motocin nan masu ruwan ɗorawa, su kuɗi a hannu suke karɓa, saboda haka ka riƙe canji a aljihun gaba. Kada ka zaro dubu-dubu a gaban kwandasta.

Tashar gine-gine uku ce masu hawa-hawa, kowanne da lambarsa, 1 da 2 da 3, an haɗa su da gadojin masu tafiya a ƙasa. Na ɗaya an tsara shi ne don motocin da ke fita wasu jihohi, sauran biyun na zirga-zirgar cikin Legas. Kada ka yi ta shiga kana fita. Tun daga ƙofa ka sami ma'aikaci mai kayan aiki a jiki, ka faɗi sunan unguwar da za ka, ba sunan titi ba: Obalende, Ikorodu, Abule Egba. Zai nuna maka. Wanda ya tare ka a waje yana neman ya karɓi jakarka, ka yi masa godiya ka wuce.

Kuma don Allah ka hau gada. Na san hawan da gajiya, musamman in kana ɗauke da buhu, amma titin nan ba a tsallaka shi da ƙafa. In mota ba ta same ka ba, jami'ai za su same ka.

Jirgin kuwa, Red Line ake ce masa. Tinubu ya buɗe shi a ƙarshen Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban shekarar. Kilomita 27 ne daga Agbado zuwa Oyingbo, tasha takwas, Oshodi ce ta biyar in ka ƙirga daga Agbado. Daga Agege tasha ɗaya ce a tsakani, Ikeja. Ni da na saba shafe awa guda a cunkoson wannan hanyar, ranar farko da na shiga ban gama lazimina ba aka ce mun iso. Sai dai jirgi ba danfo ba ne da zai jira ya cika, yana da lokutansa, don haka ka tambayi lokacin dawowa tun da safe. Ka kuma duba gefen da ka tsaya: mai zuwa Oyingbo shi zai kai ka Mushin da Yaba, mai zuwa Agbado shi ne na komawa gida.

In Marina za ka kuma kana ƙin cunkoso, hau motar Mile 2, can ka shiga ɗaya jirgin, Blue Line, da wannan katin dai.

Da dawowa, in jirgin yamma ya wuce ka, nemi motar Agege tun kafin magariba. Kwandasta zai riƙa kiran "Agege, Pen Cinema" da sauri kamar kalma ɗaya ce. Tambaye shi kuɗin kafin ka sa ƙafa.