Yadda Ikilisiyar Katolika za ta dasa itatuwa su kuma rayu

A 2015 marigayi Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa ta Laudato Si', wadda ta kira duniya gidanmu na tarayya, ta ce a saurari kukan ƙasa tare da kukan talaka. A 2023 kuma bishop-bishop na Najeriya suka ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan 5.5 cikin shekaru biyar. Dasawa dai ana yi. Sai dai ku leƙa harabar coci a watan Maris, sau da yawa ramuka ne za ku tarar da busassun tsinke. Ga yadda za a bi don aikin ya wuce ranar ɗaukar hoto.

Mataki na farko shi ne ganin Fada mai kula da cocinku. Ku je ku uku ko huɗu, kuna riƙe da abu ɗaya tak da kuke so a yi. Idan kun ce masa "muna so mu kula da muhalli", zai sa muku albarka, maganar ta mutu a nan. Ku ce kuna neman izinin dasa itatuwa arba'in a harabar coci da makaranta, kuna kuma roƙon ya yi wa'azi a kai wata Lahadi. Nassin yana kusa: a Farawa 2:15 Allah ya sa mutum a gonar Adnin domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Bayan haka a sanar da majalisar Ikilisiya, a sa Zumuntar Mata da Zumuntar Maza da matasa kowa ya ba da mutum biyu. A ƙauyuka katikis ne zai riƙe ragamar, don shi ke nan kullum.

Na biyu, ku gyara kalandarku, domin a nan aka fi yin asara. Ikilisiya a duniya tana kiyaye Lokacin Halitta daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, ranar Waliyyi Francis na Assisi, kuma mutane da yawa a lokacin suke shirya bikin dashe. To amma a Sakkwato, Katsina, Kano ko Maraɗi, damina tana haɗa kayanta ne a wannan lokaci. Dashen da aka sa a ƙasa a ƙarshen Satumba bai kafa saiwa ba hunturu zai same shi. Ku dasa daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan ruwa ya zauna. Satumba kuwa ta zama ta addu'a, da zagayawa a ƙirga waɗanda suka kama, da karanta sakamakon a gaban jama'a bayan Misa.

Wannan ya kai mu ga renon iri, wanda ya kamata a fara tun Maris ko Afrilu. Ba sai an taɓa kuɗin baikon coci ba. A sa yaran katikisim su tattaro ledojin fiya wata da ke watse a unguwa, a yanke bakinsu, a huda gindinsu wuri uku, a cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. A jera su a inuwa kusa da rijiya ko famfo. Zogale ba ya ba da wahala, cikin mako biyu ya tsiro. Irin dalbejiya sai a shuka shi ɗanye, don idan ya daɗe a ajiye ba ya fitowa. Gawo, kuka da tsamiya suna da tauri, a jiƙa su a ruwan zafi su kwana, ko a ɗan kankare ɓawon. Ni dai ina ganin a rinjayar da waɗanda ake ci ko ake sayarwa, irin su mangwaro, zogale da ɗorawa, saboda itacen da ke shiga tukunyar miya ba ya rasa mai ba shi ruwa. Idan iri ya gagara, ku tuntuɓi ofishin JDPC (Hukumar Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya) na dayosis ɗinku ko sashen gandun daji na ƙaramar hukuma.

Ranar dashe, a haƙa rami kamu ɗaya a faɗi, kamu ɗaya a zurfi, a gauraya ƙasar sama da taki a mayar. A yage ledar gaba ɗaya ba tare da an farfasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba. A bar ɗan kwari kewaye da gindin don ruwa ya tsaya. Dalbejiya a nisanta ta da katanga da harsashin gini. Kuma kada a tashi daga wurin sai an yi shinge, ko na ƙaya, ko na tubali mai ramuka, domin akuya ba ta jiran gobe.

Sai babban mataki: kowane itace ya sami mai shi da suna. Abin da aka ce na kowa ne, a rani ba na kowa ba ne. A buɗe littafi, a rubuta lambar itace da sunan gidan da ya ɗauke shi. Iyalan da suka yi wa yaro baftisma a shekarar, sababbin ma'aurata, waɗanda suka karɓi Jibi na farko, duk a ba su nasu. Aikinsu ya fi nauyi daga Nuwamba zuwa Mayu: bokiti ɗaya sau biyu a mako, da yamma. Inda ruwa ke wuya, a binne ƙaramin tulu ko gorar roba mai huji a gefen dashen, a cika ta a rufe, ruwan ya riƙa tsatsafowa a hankali. A lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen, a kuma zuba toka idan gara ta fara zuwa. Rani biyu ake bukata a haka, daga nan yawancinsu sun tsaya da ƙafarsu.

Masu gonaki suna da hanya mafi sauƙi, wadda manoman jihar Maraɗi suka yaɗa tun shekarun 1980, ana ce mata sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga kututture a lokacin sharar gona, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta tun da can, don haka ba a bukatar ban ruwa. Gawo ya fi dacewa da gona, tunda yakan zubar da ganye da damina, bai hana hatsi rana ba. Gonar coci, in akwai, nan ya kamata a fara gwadawa kowa ya gani.

Idan aiki zai fita daga harabar coci zuwa bakin hanya, kasuwa ko asibiti, a fara zuwa gaishe da mai unguwa. A wurare da yawa dasa itace a fili ana ɗaukarsa alamar mallaka, kuma ƙaramar rashin fahimta kan ƙasa tana iya zama babbar magana. A gayyaci liman da matasan unguwa tun wajen zaɓen wuri, ba ranar biki kawai ba. Wasiƙar Fafaroma ma ga duk wanda ke zaune a doron ƙasa aka rubuta ta. A raba musu dashe daga abin da kuka rena, a sa sunayensu a littafin kamar na kowa. Haka nan yashe lambatu kafin ruwan farko, a tsayar da Asabar ɗaya a watan Mayu a yi shi tare, a kuma shirya tun da wuri inda za a kai sharar da aka kwaso, don kada a tara ta a bakin lambatun ruwa ya sake mayar da ita ciki.