Yadda ake haska sabon fim a ƙarshen mako a Gombe

A manyan gidajen silima na ƙasar nan ranar Juma'a ake sakin sabon fim, kuma cinikin Juma'a da Asabar da Lahadi ne ke nuna ko zai yi kasuwa ko zai yi kwantai. Masu finafinan Kano su ma sukan fara kai wasu manyan ayyukansu silima, musamman lokacin bukukuwan Sallah, kafin su sake su a intanet. Wanda ke son kawo irin wannan Gombe ba sai ya gina silima ba. Ɗakin taro na haya ko gidan kallon ƙwallo mai faɗi ya isa, muddin an gama aikin kafin Juma'ar ta zo, don duk abin da ke lalata haskawa tun Laraba ko Alhamis ake iya gano shi.

Fara da izini, kafin ka taɓa ko waya ɗaya. Fim yana da mai shi, furodusa ne ko dillalin da ya damƙa wa, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ba ta yarda ka tara jama'a ka karɓi kuɗinsu a kan fim ɗin wani ba sai da yardarsa. Wanda ka sauke daga YouTube ko manhajar da kake biya wata-wata na kallon gida ne kawai. Ku rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce: sunan fim, ranaku, wuri, sau nawa za a haska, da yadda za a raba kuɗi. Ko dai ka biya shi jimla ɗaya, riba da asara naka, ko ku raba kuɗin ƙofa. In rabo ne, a rubuta ƙarara ko kafin a cire kuɗin mai da hayar ɗaki za a raba ko bayan an cire, don a nan ne rigima ta fi tashi daren Lahadi. Ka nemi kwafin takardar Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ka ga rukunin da ta sa fim ɗin. G na kowa ne, PG sai da kulawar iyaye, sai 12 da 12A da 15 da 18. Wanda aka sa wa 18 ba a shigar da yaro, ko da yayansa ne ya riƙo hannunsa. Ita wannan hukuma ce kuma ke ba da lasisin haskawa da na wurin, saboda haka ka je ofishinta tun da wuri. Fim ɗin da aka yi a Kano yakan zo da takardar hukumar tace finafinai ta jihar ma. Daga nan sai gaisuwa wurin mai unguwa da sanar da ofishin 'yan sanda na yankin.

Ka tambayi mai fim a wane tsari zai kawo shi. Manyan silima suna karɓar DCP, wato tsarin fayil na musamman na silima, wanda ke kulle da makullin da ake kira KDM mai wa'adin kwanaki, kuma majigin ɗakin taro ba ya buɗe shi. Abin da zai yi maka aiki shi ne MP4 mai girman 1080p, da sautin sitiriyo. Filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, sai a mai da shi exFAT ko NTFS. Kada kuma a kunna kai tsaye daga filashi, hannu ɗaya ya goge shi kallo ya tsaya. A kwafa cikin kwamfuta, a gaban wakilin mai fim in ya so, a goge bayan haskawar ƙarshe.

Ɗauki ɗaki mai faɗin mita 8 da tsawon mita 12 a matsayin misali. Allo mai faɗin mita 3 tsayinsa zai kama mita 1.7, kuma gindinsa ya tashi daga ƙasa da mita 1.2, in ba haka ba hulunan sahun gaba da ɗaurin ɗankwali za su cinye rubutun fassara. Farin yadi mai kauri da aka ɗame a jikin katako yana yi, bango mai farin fenti mara sheƙi ma yana yi. Fenti mai sheƙi yana tara haske wuri guda kamar madubi. Sahun farko ya fara mita uku da rabi daga allo, na ƙarshe kada ya wuce goma da rabi sosai. Da tazarar santimita 90 tsakanin sahu da sahu za ka samu sahu 8, kowanne kujerun roba 12, shida dama shida hagu, da hanyar mita 1.2 a tsakiya. Kujera 96 ke nan, kuma hanyar tsakiyar ta raba maka ɓangaren mata da na maza ba tare da igiya ba. Ƙofar fita biyu, kada a sa wa ko ɗaya kwaɗo alhali mutane na ciki.

Majigi mai hasken lumen 3,000 zuwa 4,000 na ma'aunin ANSI ya wadatar da wannan allo in ɗakin ya yi duhu. Ƙananan nan masu araha da ake rubuta wa dubbai barkatai a kwali, ba da wannan ma'auni aka auna su ba, a allon mita 3 sai ka ga fim kamar an wanke shi. Duba lambar nisan jifa a takardar majigin: in 1.5 ce, ka ninka ta da faɗin allo, wato ya zauna mita huɗu da rabi daga allo. A rataye shi sama ya fi, don kan teburi kowa ya miƙe sai inuwarsa ta fito. Tagogi a toshe su da baƙin yadi ninki biyu. Duhu ya fi ƙarin lumen arha.

Sauti ne inda aka fi faɗuwa, kuma shi ne abin da 'yan kallo ba sa yafewa. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma in bai ji abin da uwar miji ta faɗa wa amarya ba, kuɗinsa zai nema. Lasifika biyu su tsaya gaba, dama da hagun allo, a ɗaga su sama da kan mutum a zaune, a ɗan karkato su zuwa tsakiya. In aka ajiye su baya, baki na motsi a gaba murya na fitowa ta ƙeya. In kiɗa da ƙarar mota suna fita raɗau amma magana ta nutse, to fayil ɗin mai tasha shida ne, wato 5.1, inda magana ke tashar tsakiya, kai kuma dama da hagu kawai ka ɗauka. Ka shiga saitin sauti na VLC, manhajar kunna fim a kwamfuta, ka mai da shi sitiriyo. In murya na riga baki ko tana makara, maɓallan J da K suna matsar da ita kaɗan-kaɗan, G da H kuma na rubutun fassara ne. Gurnanin da ke fita daga lasifika da zarar an jona cajar kwamfuta yana zuwa ne daga yadda aka haɗa wutar: a jona kwamfuta da mikisa da lasifika a layi ɗaya, in ya ƙi a sa ɗan akwatin DI, mai yanke irin wannan gurnani, tsakanin kwamfuta da mikisa. Ɗaki mai tayil da bangon siminti tsirara yana amsa kuwwa, magana ta cakuɗe, shi ya sa ake rataya labule masu nauyi ko darduma a bangon baya. Ka kuma tuna jikin mutane na shanye sauti, abin da ya ishe ka a ɗaki wayam zai yi kaɗan in ya cika. Da damina, rufin kwano mara silin in ruwa ya sauko babu lasifikar da za ta yi gasa da shi, gara a nemi wani ɗakin tun farko.

Wayar HDMI ta gama-gari takan fara yanke hoto in ta wuce mita goma zuwa sha biyar. Ko a kawo kwamfutar kusa da majigi, ko a sa na'urar da ke tura hoton ta wayar intanet ta Cat6.

Wutar kamfanin JED kuwa a ɗauke ta a matsayin rara. A fara haskawa a kan janareta tun daga farko, don sauyawa a tsakiyar fim na nufin mintuna biyar na duhu da ihu. Lissafin kaya: majigi wat 350, lasifika biyu kamar 400, mikisa da kwamfuta 100, fanka shida 450, fitilu 50, jimla 1,350. Janareta mai 2.5 kVA zai ja, mai 3.5 ya fi kwanciyar hankali, kuma zai sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Yinin da za a yi awa takwas a tanadi lita 12, a cika tanki tsakanin haskawa, injin a kashe ya huce. A ajiye shi waje can nesa da taga, saboda ƙara da kuma hayaƙinsa mai ɗauke da iskar da ke kisa ba tare da wari ba. Majigi shi kaɗai a ba shi UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta in ta yanke. Ƙwansa yana zafi ƙwarai, bayan an kashe fankar ciki na buƙatar ɗan lokaci ta huce da shi, kuma yankewar wuta farat ɗaya tana rage masa kwana. Da hunturu ƙura kan toshe matatar iskarsa, da bazara kuma zafin Maris da Afrilu kan sa ya kashe kansa a tsakiyar fim. A ciro matatar a kakkaɓe kafin kowace Juma'a, kada kuma a manna shi jikin silin inda zafi ke taruwa.

Lokaci yana bin salla da ƙwallo. A Gombe rana kan faɗi kafin ƙarfe shida a Nuwamba, a Yuli kuwa sai wajen bakwai saura ashirin. Fim ɗin awa biyu da aka fara huɗu da kwata bayan La'asar zai ƙare lafiya da damina, amma da kaka zai ci Magariba, sai dai a sanar tun farko cewa za a tsaya a yi salla. Daga Agusta zuwa Mayu yammacin Asabar na gasar Firimiyar Ingila ne, samari ba za su zo ba, mai gidan kallo ma ba zai ba ka ɗakinsa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne haskawa ɗaya ranar Juma'a bayan Isha'i, Asabar da Lahadi da hantsi wajen sha ɗaya don mata da iyali, sai kuma na dare. Na daren ya tashi kafin goma da rabi, tun masu Keke Napep na hanya, don mai komawa Tumfure ko Pantami ya samu abin hawa.

Talla ta fara tun Litinin: fosta a bakin kasuwa da wajen Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, gajeren tallan fim ɗin a WhatsApp da Facebook, sanarwar rediyo Alhamis da safiyar Juma'a. Kada ka ce jarumi zai zo sai ka tabbata ya kamo hanya. Tikiti ya zama mai lamba da rabi biyu, launi daban ga kowace haskawa, mai sayarwa daban mai yagewa daban. A lissafi kada ka ɗauka ɗaki zai cika. In tikiti naira 1,000 ne, mutum 60 a kowace haskawa sau biyar, an tara 300,000. In rabi-da-rabi ne, daga 150,000 ɗinka za ka fitar da haya da mai da talla da ma'aikata. In bai fita a haka ba, a sake zama da mai fim.

Satar fim da waya ita ce ke sa furodusa ya ƙi sake ba ka wani. A faɗa da baki kafin a fara, a tsayar da mutum biyu a baya, don daga nan ake hango hasken waya.

Ranar Alhamis da dare a haɗa komai a ɗakin, a kan janaretan da za a yi aiki da shi, fankoki na juyawa, a kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe ba tsallake, don fayil ɗin da bai kwafu daidai ba sau da yawa sai can ciki yake tsayawa. Mutum ɗaya ya zauna kujerar ƙarshe ta kusurwa ya faɗi abin da yake ji da gani. A kashe intanet da sanarwa da yanayin barci na kwamfutar, a ajiye kwafi na biyu da wayar HDMI ta biyu a jaka, sannan a manna tef a kan maɓallan mikisa inda aka tsayar da su.